Ranar da Na Yi Kiran Inna a Sito

Tunda na zo Dubai ban ji mutum ya buɗe maƙogwaronsa ya kira ɗan'uwansa daga nesa ba. Kowa da wayarsa a tafin hannu, yana magana da ita ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Gidan da muke ciki a unguwar Murakkabat ɗakuna ne a hawa na sama, mu da wasu baƙi muna raba madafi ɗaya, in ka yi tari mai ƙarfi sai ka ji an ƙwanƙwasa bango. Ni kuwa a garin da aka haife ni murya kayan aiki ce, kamar gatari ko tulu, gidan da babu mace mai murya tausaya masa ake yi. Wankan jegon 'yata ne ya kawo ni nan, ita da take aikin nas a wani asibiti, da niyyar in an yi arba'in in koma. Sai annobar nan ta rufe filayen jirgi, na zauna ina kallon bango, ga yayana can gida ya tsufa hankalinsa yana gushewa, ba shi da mai kula da shi sai autarsa. A ɗakin innarmu mu biyu muka rage, ni da shi.

Garinmu a kan dutse yake, can inda mota take hawa tana nishi, fasinja suna salati. Kakanninmu ba 'yan asalin wurin ba ne. Bature ne ya fara ɗanɗana sanyin saman ya ji ya yi masa, ya gina gidan hutu mai jan rufi da bututun hayaƙi, inda manyansu suke zuwa su huce in zafin ƙasa ya ishe su. Inda Bature ya sauka kuwa sai ya ci nama, sai an wanke masa riga, to ta haka kakanmu mahauci ya hau dutsen da wuƙaƙensa, masu wanki da maɗinka suka biyo shi, aka kafa unguwa a ƙasan gidan hutun. Sun tarar da mutanen dutse suna noman acca a jikin gangare, Fulani kuma suna can saman fili da shanunsu, kowa da yarensa, kasuwa ɗaya, rafi ɗaya. Da asuba abin da yake tashinmu shi ne ƙararrawar kukun Bature, sai saran gatari, sai kukan shanu daga nesa, ƙarƙashin duk wannan kuma ga ƙugin ruwan da yake faɗowa daga tsauni, wanda ba ka sanin kana jinsa sai ranar da ka bar garin. Mu yara aikinmu kai kaya ƙofar bayan gidan hutu, itace ne, ƙwai ne, dankali ne. Mukan laɓe a bayan shinge muna kallon baƙi sun baje a rana sun yi jajawur, ko sun ɗauki sanda da takalmi mai nauyi suna hawan dutsen da muke hawa kullum ba takalmi da dami a ka. Su wai hutu suke yi, har biya suke. Innarmu takan ce mu daina dariya, abincinmu ne yake tafiya a kan ƙafafun nan.

Abin da baƙi suke so a garin shi ne abin da muke tsoro. A can gajimare ba ya tsayawa a sama inda Allah ya ajiye na sauran mutane. Da damina yakan sauko ya shiga gari, ya shiga tsakar gida, ya jiƙa maka gira. Kana cikin tafiya rana tsaka sai ka ga fari ya taho ta kan ciyawa, kafin ka sauke kaya ya rufe ka, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Turawa sukan fito baranda da kofin shayi suna yaba kyawunsa. Mu kuwa mun san hanyoyinmu a bakin ramuka suke, kuma babu unguwar da ba ta da labarin wanda ya fita neman akuya aka tsince shi bayan kwanaki a ƙasan kwazazzabo. Fitila ba ta amfani. Kiran suna ma ba ya amfani, domin duwatsu sukan karɓe sunan su watsa shi ta ko'ina, wanda ya ɓata ya rasa ta ina aka kira shi. Shi ya sa kowane gida yake da nasa kiran. Babu kalma a cikinsa, sauti ne kawai mai tsawo, wanda aka auna shi da dutsen da yake fuskantar ƙofar gidan. Matan mutanen dutse ne suka koya wa kakanninmu mata, kuma a hannun mata ya zauna. Amarya in ta tare, kafin damina ta kankama uwar miji za ta fita da ita bayan gida ta koya mata. In gajimare ya sauko da yamma sai ka ji gari ya ɗauka, na wannan gida yana tashi na wancan yana sauka, kowace uwa tana jawo nata.

Namu yana farawa ne a ƙasa, cikin ƙirji, ya hau a hankali har ya yi siriri, sai a karya shi farat ɗaya a yi shiru. Shirun nan shi ne wuyar aikin. Ana jira ne dutse ya maido, kuma a kan abin da ya maido ake ɗora wutsiyar kiran, ta gangaro kamar mai lallashi. In kika yi gaggawa kika shiga bakin dutse, kiran ya dagule, na waje ba zai gane ba. Shi kuma wanda ya ɓata yana da tasa amsar, gajeriya, wadda ake koya wa yaro tun kafin ya iya sa wa kansa riga. Inna ba ta wasa da ƙa'idodinsa. Ba a yinsa don raha, ba a ara wa maƙwabta. Na waje in ya ji, ya amsa, ya yi taku kaɗan, ya tsaya ya jira wani. Ta gida kuma in ta ji amsa dole ta sake kira, ba ta da ikon yin shiru ko tuwo yana ƙonewa, ko maƙogwaro yana jini, sai mutum ya taka bakin ƙofa. Haka take faɗa mini tana nuna ni da muciya: "In kika ji an amsa kika yi shiru, ke kika kashe shi."

Ban daɗe da isa aike ba abin ya same mu ni da Yaya. An ba mu ƙwai mu kai gidan hutu, a hanyar dawowa muka ratse tsinkar 'ya'yan itace, gajimare ya cim mana a inda babu ko bishiyar da za ka dafa. Na yi kuka har muryata ta tafi. Sanyi ya shiga ƙashina, ƙafafuna suka daina jin ƙasa. Yaya, wanda shi ma yaro ne, ya zaunar da ni a kan wani falalen dutse, ya cire 'yar rigarsa ya lulluɓa mini, ya ce kada in motsa, Inna za ta kira. Ta ko'ina muna jin kiraye-kirayen wasu gidaje suna wucewa ta kanmu, babu namu. Na ce masa cikin raɗa ko mu bi na gidan masu wanki, ai unguwa ɗaya ce. Ya ce a'a, gidansu yana hayin rami, in muka nufe shi a ciki za mu ƙare. Can sai ga namu, ƙasa-ƙasa, ya hau, ya karye. Na ji ƙirjin Yaya ya cika a jikin kafaɗata, ya amsa. Ya goya ni, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Haka muka yi ta yi, Inna na jawowa, Yaya na amsawa, ni ina bayansa ina jin amsar tana fita ta cikin ƙashinsa, har muka ga jan wutar murhu a ƙofar gida. Inna ta yi kwanaki ba ta iya magana sai da hannu. Faɗan ratsen da muka yi ma da hannu aka yi mana shi, kuma mun fahimta sosai.

Ban san ranar da kiran ya mutu ba, don ba a yi masa jana'iza ba. Turawa sun tafi, gwamnati ta karɓi gidan hutu, bututun hayaƙi ya zama gidan tsuntsaye. Aka yi kwalta, aka kawo lantarki, wasu malamai suka zo suka ce bai kamata mace ta ɗaga murya gari ya ji ba, amare suka fara jin nauyi. Daga baya waya ta zo ta ƙarasa shi. Yaro in ya ɓata sai a buga masa a tambaye shi yana ina, kamar wanda yake cikin gajimare ya san inda yake. Ni aure ya kai ni Kano tun da ƙuruciya, inda maƙwabciyarki tana jin motsin ludayinki, to wa za ki kira? Sai wani kamfani ya sayi gidan hutun da duk gangaren, aka tashi unguwarmu aka mai da ita ƙasa bakin kwalta, aka rushe ɗakunanmu na jinka. A wurin kuma suka gina wa baƙi ɗakuna zagayayyu masu rufin ciyawa, wai irin na gargajiya, da ruwan zafi a famfo. Zuwana na ƙarshe na tsaya a bakin shingen ƙarfen da suka kewaye wurin ina neman inda murhun Inna yake, mai gadi ya tambaye ni ko na kama ɗaki a ciki. Inna ta rasu, matar Yaya da ta karɓi kiran a hannunta ita ma ta bi ta. Auta kuwa 'yar zamani ce, ba ta tashi a tsohuwar unguwa ba.

Yaya ya gaji wuƙar kakanmu, ya yi fawa har ƙarfinsa ya ƙare. Da tsufa ya kama shi, daga sunaye ya fara. Ya manta na jikoki, ya manta na 'ya'ya, daga baya ya manta nasa, in aka kira shi sai ya waiga ya ga wa ake nufi. Sabon gidan da ya yi shekara da shekaru a ciki ya zama masa gidan mutane, kullum yana ba Auta haƙuri wai ya daɗe da yawa, zai koma gida kada Inna ta yi faɗa. Takan kulle ƙofa, takan ɓoye takalmansa. Ni kuma ina nan ina goyon jika, ina kallon titi ta gilashin da ba ya buɗuwa, esi na hura mini sanyin ƙarya, kowace safiya ina tambayar surukina ta bakin 'yata ko an buɗe hanya.

Ranar da nake ba da labarinta, na idar da sallar la'asar ke nan wayata ta yi ƙara. Can gida azahar ce, don agogonsu yana bayan namu. Auta ce, kuka ya kusa hana ta magana.

"Gwaggo, Baba ya fita. Da hantsi na shiga wanka, na fito ban gan shi ba. Ga gajimare ya sauko, ko gidan gabanmu ba a gani."

"Ya sa rigar sanyi?"

"Tana nan a kan gado. Ko takalmi babu a ƙafarsa, Gwaggo."

Na zauna a ƙasa. Ta ce samarin unguwa sun bazu da tociloli suna kiran sunansa, ma'aikatan gidan hutu ma sun fito, shiru kake ji. Na ce mata su daina wahalar da kansu, mutumin da bai san sunansa a tsakar gida ba, a kan dutse zai san shi? Na san inda ya nufa, tsohon gidanmu, kuma na san ramukan da suke tsakani. Na kuma san abin da zai yi in fari ya rufe shi. Zai nemi falalen dutse ya zauna ya jira Inna, zai jira har rana ta faɗi, sanyin can kuwa in duhu ya yi ko saurayi ba ya kai safe a cikinsa da riga ɗaya.

"Auta, akwai wata tsohuwa da ta rage a unguwar da ta san kiran gidanmu?"

"Wane kira, Gwaggo?"

Wannan tambayar ta fi kukanta tayar mini da hankali.

'Yata ce ta kawo dabara, shigowarta ke nan daga aiki ko takunkumi ba ta cire ba. Ta ce in yi kiran a waya, a tura wa Auta saƙon murya, su sa a lasifika su yi ta maimaitawa. Auta ta ruga masallaci, liman ya jajanta mata ƙwarai, amma ya ce muryar mace a lasifikar masallaci ba abu ne da zai yanke shi kaɗai ba. Wanda ya yarda nan take shi ne wani mai tallan maganin basir, da yake yawo kasuwa-kasuwa da tsohuwar mota da ƙatuwar lasifika ɗaure a sama. Ya ce zai lallaɓa ya hau da motar har bakin shingen gidan hutu, daura da inda ƙofarmu take a da. Abin da ya rage shi ne kiran kansa.

Na karɓi wayar na shiga ɗaki na tura ƙofa. Surukina yana falo. Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, yau ni ce zan buɗe baki in yi ihu da bango ɗaya tsakaninmu. Na daure na fara. Abin da ya fito, ko kaza ba za ta waiwaya ba. Na sake, jaririya ta firgita ta callara kuka, maƙwabta suka buga bango. Na shige banɗaki na rufe. Nan na samu farkon, ya hau, na karya shi, na yi shiru ina jira. Babu abin da ya dawo sai ƙarar esi, wutsiyar kuma ta ƙi zuwa. Na neme ta a kaina, na neme ta a ƙirjina, babu ita. Ashe ban taɓa riƙe ta ni kaɗai ba, dutse ne yake miƙo mini bakinta. Na yi ta gwadawa, ina jin lokaci yana ƙurewa, ina ganin Yaya zaune ba takalmi. Na dafa bango na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Inna ta rasu. Na ce ya Allah, mutumin nan ya goya ni a bayansa, kada ka sa ya mutu yana jira saboda maƙogwarona.

Sai na ji muryar surukina ta bayan ƙofa, a ladabce. 'Yata ta riga ta yi masa bayani.

"Umma, ku yi haƙuri. Wurin da zai maido murya kuke nema?"

Na share fuska na ce e.

"Siton da muke tara kaya a Alkuz babu komai a ciki, jigilar kaya ta tsaya cak tun da aka rufe hanya. In ka yi tari a can sai ya dawo maka. Yalla, mu je, Umma, ku sa mayafi, mota tana ƙasa."

Ban ga komai a hanya ba sai hasken rana a jikin gilasai. Alkuz unguwa ce ta kwano da siminti da manyan motoci, zafinta kamar bakin tanda, babu ciyawa ko ɗaya. Mai gadi ya ja mana ƙofar ƙarfe, sai ga fili a rufe, rufinsa can sama, tsawonsa ya fi kasuwar garinmu, babu kome a ciki sai 'yan akwatunan katako a gefe. Surukina ya danna ɗaukar murya a wayar ya riƙe ta a hannu, sannan ya juya mini baya ya fuskanci ƙofa.

"Ku ɗauka ba na nan, Umma."

Na fuskanci bangon can ƙarshe na rufe ido, gumi yana bin bayana. Na tattara kunya na ajiye gefe. Na fara daga ƙirji, ya hau, ya yi siriri, na karya shi na jira. Sai sito ya maido. Ba kamar dutsenmu ba, muryarsa ta ƙarfe ce kuma yana da gaggawa, amma ya miƙo mini abin da nake nema, wutsiyar ta gangaro da kanta kamar jiya na bar ta. Amma ba muryata na ji ba. Ashe tsufa ya mai da maƙogwarona na Inna sak. Surukina bai juyo ba, ya ce, "Kalas, shi ke nan, Umma, saƙon ya tafi."

Ba mu koma gida ba. Na zauna a kan akwati, shi ya tsaya can nesa, Auta ta kira ta bar layin a buɗe. Ina jin motar tana hawa tana tari. Da suka isa, mai magani ya danna, sai tallansa na basir ya fara cika dutsen, da tsiro da mai jini da sauransu, har sai da wani ya daka masa tsawa ya canza. Ban san lokacin da na yi dariya cikin hawaye ba. Daga nan na ji muryata ta tashi a kan dutsenmu, dutsen kuma ya maido, shi na ainihi, da muryarsa mai nauyi da ban ji ba tun ina budurwa. Na ce wa Auta a kashe mota, kowa ya kama bakinsa, bayan kowane kira a jira sosai. Aka kira, aka jira. Aka sake, aka jira. Na yi magariba a kan simintin siton, ban san abin da na karanta ba. Can gida la'asar ta wuce, Auta ta ce farin ya fara komawa toka-toka, mai magani kuma yana cewa batirinsa ya kusa ƙarewa. Na roƙe ta kamar yadda ban taɓa roƙon ɗan'adam ba, na ce ko kowa zai tafi ita kada ta tafi.

Ana kiran isha'i a masallacin leburori na kusa da mu ta yi ihu.

"Gwaggo! Akwai wani abu yana amsawa!"

"Ku sake! Kada ku yi shiru, ku sake sa shi!"

Suka sake. Samari suka kama hannun juna suka nufi inda amsar take fitowa, ita kuma tana matsowa kaɗan-kaɗan. Sun same shi yana tahowa, ya yi taku kaɗan ya tsaya, ƙafafunsa duk jini, jikinsa yana karkarwa, babu riga. Rigar suka gani a baya, a shimfiɗe a kan wani falalen dutse. Da suka zo ɗaukarsa ya ƙi, ya ce su bar shi, shi zai iya, yarinyar za su je su ɗauko. Auta ta ce wace yarinya, Baba? Ina ji ta cikin wayar ya ce, "Ƙanwata. Na lulluɓe ta can. Muryarta ta tafi, ba za ta iya amsawa ba." Na ce Auta ta kai masa wayar kunne. Na ce, "Yaya, ga ni, ni ce, ina nan lafiya." Sai ya ce cikin ladabin da yake yi wa baƙi, "Sannu, Hajiya. Ina gajiya?"

Sanyin ya riga ya shiga ƙirjinsa. Daga ranar bai sake tashi ba. Ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai Auta ta sa masa kiran a wayarta, sai ya amsa daga kwance, ya buɗe baki, don a ganinsa ya iso gida. Ni kuma kullum ina bin surukina da ido in ya shigo, shi kuma ya sunkuyar da kai, babu jirgi. Rai ya yi halinsa wata safiyar Juma'a, aka kai shi ba na nan, na karɓi gaisuwa a waya ina zaune a bakin gado da jika a cinya. Bai fi 'yan makonni ba aka buɗe hanya. Da 'yata ta zo da murnarta tana faɗa mini, na rasa abin da zan yi da labarin.

Bayan komai ya lafa Auta ta turo mini wani saƙon murya, ta ce a kwanakinsa na ƙarshe ta ɗauka, ta ga ya kamata ya zauna a wurina. Na shiga madafi na danna. Yaya ne, muryar ta yi laushi, amma amsar nan ce, gajeriya, wadda na taɓa ji tana fita ta cikin ƙashin bayansa. Ya amsa, ya yi shiru, ana jin numfashinsa yana jiran wani kiran, sai saƙon ya ƙare. Na san ya rasu, hankalina bai gushe ba, na kuma san addu'a ce kaɗai take isa gare shi, kuma ina yi. Amma an amsa mini, ni kuma ban sake kira ba. Abinci ya daina wuce mini. Da na ga abin zai kai ni ƙasa, na tari surukina da kaina, ba ta bakin kowa ba, na ce ya mai da ni siton nan.

"Umma, kasuwa ta dawo. Wurin ya cika, ba zai maido ba."

"Kai dai kai ni."

Ya kai ni. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi, takalma da atamfofi da wayoyi masu tafiya Kano, leburori suna kai da kawowa a 'yar siririyar hanyar da aka bari a tsakiya. Surukina ya ɗaga musu hannu suka tsaya, ya juya mini baya kamar wancan karon. Na fara daga ƙirji, ya hau, ya yi siriri, na karya shi na jira. Kwalaye suka shanye. Na sake, na jira har kunnena ya fara ƙara, babu abin da ya dawo, wutsiyar kuma ba ta zo ba. Na laluba wayata na danna, Yaya ya amsa, ya yi shiru yana jira.

"Umma, mu tafi gida," in ji surukina, bai juyo ba.

Na ce ya ɗan ƙara haƙuri, akwai mutum a waje bai shigo ba.